Bayanin Doki Da Ɗari, Da Lokacin Da Ya Kamata A Rufa Masa Bargo

Da sunan Allah aka fara. Bayan haka, wannan bayani ne a kan wata mas'ala da ke tasowa kowace shekara a ƙauyukan arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Ɗambatta da Kunci, da zarar iskar hunturu ta juyo. Mai doki ya fito da asuba zai tafi masallaci, ya ƙudundune cikin gwado, haƙoransa na kaɗawa, sai ya hangi dokinsa tsaye a turke ba komai a bayansa. Wani tausayi ya kama shi, ya koma ɗaki ya ɗauko bargo ya rufa masa, ya bar shi da shi har azahar. Wani kuwa ya ce ai doki dabba ne, ya wuce abinsa. Kowanne cikinsu yana iya dacewa, yana kuma iya cutar da dukiyarsa da hannunsa, domin hukuncin ba ɗaya ba ne ga kowane doki, ba ɗaya ba ne kuma ga kowace sa'a.

Mas'alar ta fi nauyi a wannan yanki saboda halin ƙasarsa. Gonaki sun haɗe da juna, ana noma su kowace shekara da ƙarfin taki, ba a bar saura ko daji mai faɗi inda za a saki doki ya nema wa kansa abinci da mafaka ba. Dokin wannan yanki ɗan turke ne: abin da aka kawo masa shi zai ci, inda aka ɗaure shi nan zai kwana. Malamai kuwa sun san abin da ke cikin Muhtasar na Shaihu Halil, watau ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya. Ke nan alhakin dokin nan kacokan yana wuyan mai shi.

Fasali a kan ɗarin ƙasar Kano

Masu lissafin taurari sun ba ɗari taurari 7, farkonsu Shaula, kowanne kwana 13, jimla kwana 91. Tsananinsa yana faɗowa cikin watannin Disamba da Janairu. Iskar tana busowa daga gabas maso arewa, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tashi daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi. Ma'aunin zafi yana nuna cewa cikin Janairu daren Kano yakan sauko wajen digiri 13 ko 14, wani daren har ƙasa da 10 a karkara, sa'an nan da rana ya hau wajen 29 ko 30. Watau tsakanin asuba da azahar akwai ratar digiri 15 ko fiye. A riƙe wannan, domin a kansa aka gina dukkan abin da zai biyo baya.

Ba a ce ɗarin Arewa wasa ne ba. Baturen nan Kilapaton, wanda ya iso Kano cikin Janairun 1824, ya rubuta cewa a kan hanyarsu daga Barno, ƙarshen Disambar 1823, sun wayi gari ruwan salkunansu ya daskare, dawaki da raƙuma suna ta makyarkyata. Irin wannan dare ba kowace shekara ake ganinsa ba, amma ya isa ya nuna cewa dabbar da ta gaji da tafiya, ta kwana a fili ba kariya, ɗari yana iya karya ta.

Fasali a kan yadda doki ke ɗumama kansa

Kuskuren farko shi ne mutum ya auna dokinsa da jikinsa. Ɗan Adam in ya tuɓe, yakan fara jin sanyi da zarar zafi ya sauko ƙasa da digiri 25 ko kusa da haka. Doki lafiyayye kuwa, likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa daga wajen digiri 5 har 25 ba ya buƙatar wani ƙoƙari na musamman don tsare ɗumin jikinsa. Ke nan daren da mai gida ke neman gwado biyu, ga dokinsa dare ne mai daɗi.

Dalilin haka uku ne. Na farko girman jiki, gama abu mai kauri ba ya saurin hucewa, kamar yadda babbar tukunya ke riƙe zafi bayan ƙaramin kasko ya huce. Na biyu gashi. In iska ta yi sanyi gashin doki yakan miƙe, ya tsare iska mai ɗumi tsakaninsa da fata. Na uku, wanda ya fi duka, shi ne cikinsa. A babban hanjin doki akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa da harawa, aikin nan nasu kuwa yana fitar da zafi sa'o'i masu yawa. Manomi ya san misalinsa, domin ya sha tura hannu cikin tsibin taki da sassafe ya ji ɗumi.

Amma akwai wani bambanci da ya kamata a sani. Tohon gashin ɗari ga doki yana bin gajartar yini ne fiye da sanyin iska. A Ingila bambancin yinin da ya fi tsawo da wanda ya fi gajarta ya kusa sa'a 9, saboda haka dokinsu yakan yi gashi buzu-buzu. A Kano bambancin bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, dokin Kano kuwa yana shiga hunturu da gashi gajere, kusan yadda ya fita daga damina. Don haka ya fi dogara ga cikinsa da kuma mafakarsa.

Fasali a kan bargo na farko, watau harawa

Tun da murhun doki a cikinsa yake, itacen murhun shi ne harawa da ingirici. Ƙa'idar da aka sani ita ce doki ya ci busasshen abinci mai kara kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Dokin da ya kai kilo 300 yana buƙatar wajen kilo 6. Harawar wake da ta gyaɗa, waɗanda gonakin wannan yanki ke bayarwa da kaka, suna daga cikin mafi kyawun abin da za a ba shi, a haɗa da ingirici don ya daɗe yana tauna. Hikimar ita ce a ajiye kaso mafi yawa sai bayan lisha, domin murhun ya kwana yana ci har asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani. Dokin da ya cinye abincinsa tun magariba, ya tsaya ciki fayau har gari ya waye, shi ne ake tararwa yana rawar ɗari.

Dawa da gero da dusa suna ƙara ƙarfi da ƙiba, amma ba sa ba da ɗumi mai daɗewa kamar harawa. Wanda ya ga sanyi ya tsananta ya ninka wa dokinsa hatsi dare ɗaya, ya jawo masa ciwon ciki. In za a ƙara hatsi, a ƙara kaɗan-kaɗan cikin kwanaki.

Ruwa kuma shi ne abin da aka fi mantawa. Da hunturu abinci busasshe ne, iska busasshiya ce, ga doki yana ƙin ruwan da ya kwana a waje ya yi sanyi ƙalau. In shan ruwa ya ragu, abinci yakan cushe a hanji, ciki ya ƙulle, wannan kuwa yana kashe doki fiye da yadda sanyi ke kashewa. Doki yana buƙatar lita 20 zuwa 30 a yini, watau kimanin jarka guda, fiye da haka in ya yi aiki. Ruwan rijiya da aka ɗebo nan take da safe yana da ɗan ɗumi, shi ya fi. Gishiri ko 'yar kanwa da aka saba ba shi suna sa shi neman ruwa, muddin ba a cika ba.

Fasali a kan bargo na biyu, watau kariya

Sanyi shi kaɗai ba ya cin doki kamar sanyi da iska. Iska tana kwantar da gashin da ya miƙe, ta kwashe ɗumin da ke ƙarƙashinsa. Tun da an san inda take fitowa, maganinta mai sauƙi ne: a kafa turke a kudu ko yammacin ɗaki ko katanga, ko kuwa a ja darni na karan dawa ko zana ta gabas da arewa, tsawonsa ya ɗara bayan doki. Kara ba ya wuya a ƙauye da kaka. A shimfiɗa yashi busasshe ko tarkacen ciyawa inda zai kwanta, a riƙa kwashe fitsari da kashi kullum, wanda dama taki ne mai daraja ga gona.

Amma kada a toshe barga ruf. Warin fitsari da ƙurar harawa in suka taru a ɗakin da ba mafitar iska, su ne ke kawo tari. A bar taga ta gefen da iska ba ta bugowa. Harawar da ta yi ƙura a yayyafa mata ruwa kafin a zuba, wadda ta yi fumfuna kuwa a zubar. Batun hura wuta a barga, wanda wasu suka saba, hatsarinsa ya fi amfaninsa: hayaƙi yana cutar da huhu, ga kara da zana da harawa duk a bushe, ga iska, ga dabba a ɗaure ba ta iya gudu. Gobarar hunturu ba ta jiran a ɗebo ruwa.

Fasali a kan dawakin da ke buƙatar bargo

Bayan an cika waɗannan biyu, sai a zo ga bargo na tufa. Dawakin da ya dace da su iri biyar ne.

Na ɗaya tsoho, wanda haƙoransa suka lalace har ba ya iya tauna harawa sosai, domin murhun cikinsa ya yi rauni. Na biyu ramamme, wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa da ido daga nesa, gama kitsen da ke ƙarƙashin fata shi ma riga ne. Na uku mara lafiya ko wanda ya tashi daga ciwo. Na huɗu duƙushi sabon haihuwa, musamman cikin kwanakinsa na farko, ko wanda ba ya samun nonon goɗiya isasshe. Na biyar dokin da ya jiƙe da gumi ko aka yi masa wanka da yamma, rana ta faɗi bai bushe ba, gama jiƙaƙƙen gashi ba ya tsare ɗumi ko kaɗan. Ana haɗawa da waɗannan dokin da aka aske wa gashi, kamar yadda ake yi wa wasu dawakin folo, da wanda za a ɗauka cikin buɗaɗɗiyar mota da dare.

Alamun da ke nuna doki yana jin ɗari a bayyane suke: makyarkyata, matse wutsiya, tattara ƙafafu wuri guda, da juya baya ga iska yana sunkuyar da kai. Amma a lura, zazzaɓi ma yana kawo makyarkyata. Zafin jikin doki lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. In ya haura 39, ko ya ƙi abinci, ko majina na zuba, to abin ya wuce bargo, sai a nemo likitan dabbobi. Wannan ba zance ne na banza ba. Cikin Disambar 2018, tsakiyar hunturu, murar dawaki ta ɓulla a Jihar Sakkwato, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Bom ta tabbatar da ita, ta bazu a ƙasashen yammacin Afirka cikin 2019, ta kashe jakuna masu yawa. Cuta ce mai yaɗuwa ta numfashi da kayan da dabba ta taɓa, ba sanyi ne ya haife ta ba, bargo kuwa ba ya hana ta. Maganin yaɗuwarta shi ne ware mara lafiya da hutar da shi.

Shi kansa doki ya san abin da yake so. A ƙasar Norwe, inda ƙanƙara ke sauka, masu bincike sun koya wa dawaki 23 taɓa allo da baki, wannan allo na nufin a rufa, wancan a cire, na uku a bar shi yadda yake. Sakamakon da suka bayyana a 2016 ya nuna cewa ranar da ake rana da ɗumi dawakin suna neman a cire musu, ranar da ake ruwa da iska mai sanyi suna neman a rufa. Abin lura shi ne ɗumin da ya sa suka nemi a cire bai kai zafin azahar ɗin Kano cikin Janairu ba.

Fasali a kan illar bargo da ladubbansa

Daga nan illar ta bayyana. Bargon da ya amfani doki da asuba, da hantsi ya zama azaba. Doki ya yi gumi a ƙarƙashinsa, ya rasa ruwan jikinsa, bargon ya jiƙe, in dare ya yi ya kwana cikin danshi, ya fi wanda ba a rufa wa komai ba jin sanyi. Har wa yau bargo yana danne gashi ya hana shi miƙewa, saboda haka ƙyalle mara kauri yana iya rage ɗumi maimakon ya ƙara. Yana kuma ɓoye rama da gyambo da kaska, yana ɗaukar makero da ƙazuwa daga wannan doki zuwa wancan.

Ladubbansa su ne waɗannan. A rufa bayan lisha, a cire da hantsi da zarar rana ta fara ɗumi. A zaɓi abin da iska ke ratsawa, kamar luru ko gwado ko buhun algarara da aka ɗinka biyu, kada a kusanci leda ko buhun roba, domin suna tsare gumi. A ɗaura a ƙirji da ƙarƙashin ciki, ba tamau ba, ba kuma sako-sako da zai zame ya sarƙe da dabaibayi ba. Kowane doki da nasa, a shanya shi a rana kullum, a kakkaɓe. Mai doki ya tura hannu ƙarƙashin bargon ta bayan kafaɗa: in ya ji ɗumi busasshe, ya yi daidai, in ya ji danshi, ya yi yawa, in ya ji sanyi, a ƙara harawa kafin a ƙara tufa.

Game da jiƙaƙƙen doki kuwa, kada a rufa masa bargo mai kauri a bar shi. A kwance sirdi da zubka, a zagaya da shi sannu har numfashinsa ya daidaita, a goge shi da tsumma ko damin ciyawa, a yafa masa gwado mara nauyi ya tsotse danshin, in ya bushe a cire ko a sake wani busasshe. Wanka da hunturu sai tsakanin hantsi da azahar, kilisa kuma a dawo da sauran rana.

Ɗinkin abin rufa wa doki ba baƙon aiki ba ne a Kano. Tarihin Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi. Lifidi don kibiya da mashi aka yi shi, ba don ɗari ba, amma garin da ya iya cusa audugar rimi cikin tufa ya suturta doki da mahayinsa, ɗinka bargo mai maɗauri biyu ba zai gagari maɗinkan kayan doki na Kasuwar Kurmi ba.

Fasali a kan Sallar da ke tafe cikin ɗari

Akwai dalilin da ya sa wannan bayani ya zama na gaggawa. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11, saboda haka Salla tana zagaya lokutan shekara. Ƙaramar Salla ta faɗo cikin tsakiyar ɗari a 2000, Babbar Salla kuma a 2006 da 2007. Ƙaramar Sallar 2025 ta faɗo ƙarshen Maris. In lissafi ya tafi daidai, Ƙaramar Salla za ta shigo farkon Fabrairu a 2030, ta yi Janairu a 2031 da 2032, a 2033 kuma a yi ta sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Samarin da ke riƙe da barga yanzu da yawansu ba su taɓa sauke doki daga hawan Ƙaramar Salla cikin hunturu ba.

Hawan Salla na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, bisa al'ada kwanaki ake yi a jere, wasu hawan kamar Hawan Daushe da la'asar ake fara su. Doki ya wuni ƙarƙashin sirdi da jalala da kayan ado masu nauyi, ya yi sukuwa, a kwance masa kaya bayan magariba yana jiƙe sharkaf, iska na busawa, wataƙila ma a ɗora shi a mota zuwa ƙauye cikin dare. Wannan ita ce sa'ar da bargo ke ceton doki, in an bi ladubban da aka ambata. Haka hukuncin yake ga hawan angwanci da sukuwa da ake yawan yi da rani.

Nasiha ga fatake

Mai sayen doki da hunturu, ko a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ko a wata, kada ya yi ciniki sai an yaye duk abin da ke bayan dokin, ya shafa haƙarƙari da gadon baya da hannunsa, ya duba hanci da haƙora. Sabon dokin da ya kawo gida ya ware shi mako biyu ko uku da turkensa da mazubin ruwansa da bargonsa dabam. Mai son riba kuma ya tanadi harawa tun da kaka tana araha, ya ɗora ta bisa rufin ɗaki ko reshen itace inda awaki da gara ba sa kaiwa, domin kuɗinta hawa yake yi har faɗuwar ruwa. Wanda ya sayar da harawarsa da kaka ya sayi bargo da hunturu, ya sayar da itace ne ya sayi murfin tukunya. Da na sani kuwa ƙeya ce.

Abin da ya wajaba ga mai doki a ƙasar Kano ke nan bisa jeri: harawa da dare, ruwa mai ɗan ɗumi da safe, darni ta gabas da arewa, sa'an nan bargo ga tsoho da ramamme da mara lafiya da duƙushi da jiƙaƙƙe, daga lisha zuwa hantsi. Ya fito da kansa da asuba ya taɓa dokinsa, kada ya bar wa yaro, gama hannun mai dukiya shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya.

Allah Ya tsare dukiyar kowa, Ya ba da ikon sauke haƙƙin dabba. Tamat.